Gamewar Zafi: Darasi Daga Yashin Tamanrasset Zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

Gabatarwa

A kowane ɗakin gwaje-gwaje, na asibiti ne ko na jami'a, akwai na'urorin da aikinsu shi ne su riƙe abu a wani matakin zafi da aka ƙayyade. Akwatin rainon ƙwayoyin cuta yana nuna digiri 37, tukunyar tururi ta tsarkake kayan aiki tana nuna 121, firjin allurar rigakafi yana nuna 5. Ma'aikaci yakan dubi lambar, ya rubuta ta a littafi, hankalinsa ya kwanta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne an yi saurin kwantar da hankali. Lambar da ke fuskar na'ura labarin wuri ɗaya take bayarwa, wato inda kan ma'aunin zafin yake zaune. Ko zafin ya game dukkan cikin na'urar, ko ya kai tsakiyar abin da aka sa a ciki, wannan tambaya ce ta daban, kuma a kanta ne lafiyar majinyaci da ingancin sakamakon gwaji suka rataya.

An zaɓi garin Tamanrasset na kudancin Aljeriya domin fito da batun fili. Gari ne da ke gindin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 kudu da babban birnin ƙasar, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Damagaram da Agadas da Arlit da Assamaka, ta shiga Aljeriya ta In Guezzam. Cibiyar Abzinawan Kel Ahaggar ce, kuma Hausawa fatake da 'yan ci-rani sun daɗe suna zaune a cikinta, har gasasshen naman da garin ya yi suna da shi ana kiran sa "mainama", sunan da duk mai jin Hausa ya san asalinsa. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,400 daga doron teku. Rana takan gasa ƙasarsa, dare ya sanyaya ta, a hunturu kuma sanyin yakan kusanci matakin daskarar da ruwa. Wurin da zafi ke hawa da sauka haka a cikin yini guda yakan tilasta wa mazaunansa sanin halin zafi.

Yadda Zafi Ke Tafiya

Zafi daga wuri mai ɗumi yake gangarawa zuwa wuri mai sanyi, ba ya juyawa da kansa. Hanyoyi uku yake bi. Ta farko ita ce ratsawa, inda zafin ke bi ta jikin abu ba tare da abin ya motsa ba, kamar yadda wutsiyar cokalin da aka bari a cikin shayi kan ɗau zafi. Ta biyu ita ce jigila, inda ruwa ko iska ke ɗaukar zafin su kai shi wani wuri. Ruwan gindin tukunya idan ya yi zafi yakan yi sauƙi ya hau sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ta uku ita ce huci, wanda ba ya bukatar abin da zai ɗauke shi. Shi ne wanda mai jin ɗumi ke ji a fuskarsa alhali bayansa yana sanyi, ta wannan hanya ce kuma zafin rana ke iso duniya.

Masanin lissafi Bafaranshe, Joseph Fourier, shi ya tsara dokar ratsawa a littafinsa na nazarin zafi da ya fito a shekarar 1822. Abubuwa biyu daga cikin aikinsa sun shafi wannan batu kai tsaye. Na farko, saurin tafiyar zafi ya dogara da girman bambancin da ke tsakanin wurare biyu. Yayin da bambancin ke raguwa tafiyar na raguwa, saboda haka digirin ƙarshe shi ya fi jinkirin cika. Na biyu, lokacin da zafi ke bukata ya kai tsakiyar abu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurin abin. Idan kaurin ya ninka sau biyu, lokacin yakan ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau uku, lokacin yakan ninka sau tara.

Abubuwa kuma sun bambanta ƙwarai wajen bai wa zafi hanya. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, jan ƙarfe yana da kimanin 400, alminiyam kimanin 235, ƙarfen da ba ya tsatsa kimanin 15, gilashi kimanin 1, ruwa 0.6, busasshen yashi kimanin 0.3, iska mai tsaye kuwa ba ta kai 0.03 ba. Wato jan ƙarfe ya fi busasshen yashi saurin miƙa zafi fiye da sau dubu.

Akwai wani abu da ɗalibai kan tsallake. Littafi yakan ce zafi yana yaɗuwa har komai ya daidaita, kuma gaskiya ne idan an rufe abu an janye wuta an ba shi lokaci. Na'ura mai aiki ba haka take ba. Zafi yana shigowa ta gefe ɗaya, yana zurarewa ta bango da murfi da ƙofa a kowane lokaci. Muddin haka na faruwa, dole a sami wurin da ya fi wani zafi. Gamewar zafi a cikin irin wannan na'ura aiki ne da ake yi, kuma da abubuwa uku ake yin sa: abin da aka sa tsakanin wuta da kaya, da motsawa, da lokaci.

Tagella, Gyaɗa da Ƙanzo

Abincin da aka fi sanin Abzinawan Ahaggar da shi shi ne tagella, wata gurasa da ake toyawa a cikin yashi. Akan hura wuta a kan yashi mai tsabta har itacen ya zama garwashi. Sai a kawar da garwashin gefe, a yi ɗan rami a yashin da ya riga ya ɗau zafi, a shimfiɗa kwaɓin mai faɗi, a lulluɓe shi da yashi mai zafi da toka, a mayar da garwashin sama. Bayan wani ɗan lokaci a tone, a juya gurasar, a sake binnewa. Mai toyawa yakan ƙwanƙwasa ta ya saurari ƙararta kafin ya yarda ta nuna. Daga nan a kakkaɓe, a goge ko a ɗauraye, a gutsuttsura a zuba mata miya ko man shanu.

Duk abubuwan nan uku suna cikin wannan aiki. Da an ɗora kwaɓin kai tsaye a kan garwashi, da inda ya taɓa wuta ya ƙone tsakiya na ɗanye. Yashi, saboda nauyin jikinsa wajen miƙa zafi, yakan tare kaifin garwashin, ya adana zafin, ya saki shi sannu a hankali, kuma ya rungumi kwaɓin ta kowace fuska. Juyawar tana rama bambancin da ke tsakanin sama da ƙasa. Faɗin gurasar da rashin kaurinta kuwa biyayya ce ga dokar Fourier, domin dunƙulallen kwaɓi mai kauri sau biyu zai nemi lokaci sau huɗu, kafin nan bayansa ya zama gawayi. Ƙwanƙwasawar ita ce mafi muhimmanci a wannan bahasi. Mai tagella bai ɗauki zafin garwashi a matsayin hujjar cewa gurasa ta nuna ba. Gurasar kanta yake tambaya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Mai suyar gyaɗa takan zuba yashi a kasko ta riƙa juyawa, domin ƙwayar gyaɗa ɗigo ɗaya kawai take taɓa ƙarfe da shi, yashi kuwa yakan kewaye ta. Mai tsire yakan kafa tsinkayensa kewaye da wuta ya riƙa juya su, domin huci gefen da ke fuskantar wuta kaɗai yake samu. Ƙanzo kuwa shaidar abin da ke faruwa ne idan jigila ta tsaya. Ruwa yana zagayawa da kansa a tukunya, amma da zarar an zuba gari ya yi kauri sai zagayawar ta mutu, zafi ya taru a gindi. Muciya ce ke karɓar aikin da ruwan ya bari. A gini ma haka ne. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 yakan jinkirta zafin rana kimanin sa'o'i takwas zuwa goma kafin ya kai ciki, sai ya iso da dare lokacin da ake bukatarsa, ya kuma iso da raguwar ƙarfi. Tsofaffin gidajen jar ƙasa na Tamanrasset da sorayen Kano da na Zariya sun yi tarayya a wannan. Rufin kwano kuwa nan take yake miƙo zafin.

Dabarun Ɗakin Gwaje-gwaje

Wanda ya shiga ɗakin gwaje-gwaje da wannan ido zai tarar da sanannun abubuwa cikin sabuwar riga. Akwai kaskon yashi, wanda masu harhaɗa sinadarai ke binne gindin kwalba a ciki idan suna son zafi mai yawa wanda ba shi da kaifi. Akwai ragar waya da ake ɗorawa tsakanin harshen wutar fitilar Bunsen da kofin gilashi. Dalilinta shi ne gilashi ba ya saurin miƙa zafi, saboda haka inda wuta ta taɓa yakan buɗe alhali gefensa bai buɗe ba, sai ya tsage. Ragar takan baza zafin kafin ya isa gilashin. Wannan matsala ce ta sa Bajamushe Otto Schott ya samar da gilashi mai sinadarin boron a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ba ya buɗewa sosai idan ya ji zafi, irin wanda aka fara sayarwa da sunan Pyrex a 1915.

Akwai bahon ruwan ɗumi, inda ake tsoma kwalaben gwaji. Ruwa yana ɗaukar zafi mai yawa kafin matakinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, kusan ninki biyar na abin da yashi mai nauyi ɗaya da shi zai ɗauka, saboda haka ba ya saurin hawa ko sauka. Duk da haka, baho mai inganci yana da ɗan famfo ko abin kaɗawa, domin ruwan da ba a motsa ba yakan yi hawa-hawa, mai ɗumi a sama mai sanyi a ƙasa. Tanderun gwaji da akwatin raino su ma akan sa musu fanka, wadda ita ce muciyarsu. Na'urar gwajin PCR kuwa, wadda annobar korona ta sanar da jama'a sunanta, ta ɗaya hanyar ta bi. Kwalabenta ƙanana ne masu siririn bango, suna zaune a cikin dunƙulen alminiyam ko azurfa, domin dole samfurin ya yi ta hawa da sauka tsakanin kimanin digiri 95 da 55 da 72 sau talatin ko fiye. A nan babu lokacin jira, sai a nemi ƙarfen da ya fi saurin baza zafi. Idan ramukan gefe suka yi ƙasa da na tsakiya, samfurori biyu masu abu ɗaya suna iya ba da amsa biyu.

Duk waɗannan dabaru amincewa ce daga masu ƙera na'urorin cewa zafi ba ya gamewa da kansa. Abin mamaki shi ne yadda mai amfani da na'urar kan manta da abin da maƙerinta bai manta ba.

Tsayin Tamanrasset da Tafasar Ruwa

A nan ne Tamanrasset ke da darasi na musamman. Kowane ɗalibi ya haddace cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Wannan gaskiya ne a bakin teku. Yayin da ake hawa tudu nauyin iska yana raguwa, matakin tafasa kuma yana sauka da kimanin digiri ɗaya a kowace mita 300. A Tamanrasset ruwa yakan tafasa a tsakanin digiri 95 da 96. A tudun Assekrem, mai tsayin kimanin mita 2,700, yakan tafasa a kusan 91. Ruwan yana ɓararraka kamar ko'ina, ido ba zai ga bambanci ba, sai dai wake ya ƙi nuna a kan lokaci.

A kicin wannan asarar gawayi ce kawai. A ɗakin tsarkake kayan tiyata lamarin ya fi haka. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Ƙananan tukwanen tururi, masu kama da tukunyar matsi ta girki, da nauyin da ke kan murfi suke aiki. Nauyin yana ƙara wani ƙayyadadden matsi a kan na iskar da ke waje. A bakin teku jimillar takan ba da 121. A tsayin Tamanrasset, inda iskar waje ta yi kusan kashi 15 cikin ɗari ƙasa da ta bakin teku, allurar matsi za ta nuna lambar da littafi ya faɗa, amma tururin da ke ciki kusan digiri 118 ne. Digiri uku a wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayoyin cuta masu sulke, irin masu haddasa sandarewar wuya, da zafi ya ɗan sauka sai lokacin da ake bukata a kashe su ya ƙaru sosai. Manyan na'urorin zamani da ke bin ma'aunin zafi kai tsaye suna gyara wannan da kansu. Ƙananan da suka fi yawa a ƙananan asibitoci sai ma'aikaci ya gyara, ta ƙara matsi ko ƙara lokaci.

Ko a bakin teku, tukunyar tururi tana da wani maƙiyi, wato iskar da ta maƙale a ciki. Ƙarfin tururi yana cikin zafin da yake saki idan ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa, wanda ya ninka fiye da sau biyar zafin da ake bukata a kai ruwa daga daskarewa zuwa tafasa. Inda iska ta tare a tsakiyar ƙunshin ƙyalle ko a cikin bututu, tururi ba ya shiga, iska kuwa an riga an ga ita ce ta ƙarshe wajen miƙa zafi. Saboda haka ake samun kaya a tsakiyar tukunya da ba su tsarkaka ba, alhali ma'auni yana nuna 121. Wannan ne ya sa aka fito da gwajin Bowie da Dick a 1963 domin gano ko iska ta fita, ake kuma sa 'yan kwalabe masu ɗauke da ƙwayoyin da suka fi jure zafi a tsakiyar kaya, a duba daga baya ko sun mutu. Busasshen tanderu, wanda da iska kaɗai yake aiki, sai an kai shi digiri 160 na sa'o'i biyu, kuma ba a fara ƙirga lokacin sai kayan da kansu sun kai wannan mataki.

Firji da Allurar Rigakafi

Sanyi ma rashin zafi ne, dokar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a adana yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8. A ƙasashe masu zafi tsoron kowa shi ne kada allura ta yi ɗumi, sai a murɗa firji zuwa ƙarshe. Amma wasu allurai, kamar ta ciwon hanta nau'in B da ta sandarewar wuya da mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi wa jarirai, daskarewa ce ke lalata su, kuma ba sa dawowa idan sun narke. Firjin gida yana iya nuna 5 a tsakiya alhali kusa da farantin sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, a jikin ƙofa kuma ya haura 8. Allurar da ta lalace ta wannan hanya ba ta canza launi. Za a yi wa yaro ita, a cika masa kati, uwarsa ta koma gida da yaƙinin an kare shi. Babu wanda zai danganta cutar da ta kama shi daga baya da kusurwar firjin da kwalbar ta kwana.

Masu Auna Yanayi a Assekrem

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan darasi da muhimmanci su ne masu auna yanayi. A tudun Assekrem, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasset ta hanyar mota, hukumar yanayi ta Aljeriya tana gudanar da ɗaya daga cikin tashoshin sa ido kan sararin samaniya na duniya, ƙarƙashin shirin Hukumar Yanayi ta Duniya, tun shekarun 1990. An zaɓi wurin ne saboda nisansa da hayaƙin birane, domin abin da aka auna a can ya wakilci iskar yanki mai faɗi. Tunanin da ke bayan wannan zaɓi shi ne tunanin da ake son ya shiga kowane ɗakin gwaji: kafin a yarda da lamba, a tambayi inda aka auno ta da abin da take wakilta.

Ƙa'idar auna zafin iska ta tanadi a sa ma'auni a cikin farin akwati mai tagogin iska, a inuwa, tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. A hamada da tsakar rana fuskar yashi tana iya fin iskar da ke daidai ƙirjin mutum zafi da digiri masu yawa, alhali kamu biyu a ƙarƙashin yashin nan kusan ba a jin bambancin dare da rana. Tarihi ya nuna abin da sakaci da wannan ke jawowa. A ranar 13 ga Satumba, 1922, an rubuta digiri 58 a El Azizia ta ƙasar Libiya, aka yi shekara casa'in ana koyar da shi a matsayin zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a duniya. A 2012 Hukumar Yanayi ta Duniya ta soke shi, bayan kwamitin bincike ya gano matsala a na'urar, da alamun rashin ƙwarewar mai karantawa, da kuma cewa an kafa ma'aunin a kan daɓe mai kama da kwalta. Lambar ta yi sama da gaskiya da kimanin digiri bakwai.

Hujjojin Masu Ja

Za a iya cewa na'urorin zamani sun riga sun magance duk wannan, tunda suna zuwa da fanka da takardar shaidar inganci. Amsar ita ce takardar ta shaidi na'urar ne ranar da ta bar masana'anta, galibi babu kaya a cikinta. Ba ta san an cunkushe ta har iska ta rasa hanyar zagayawa ba. Ba ta san ƙurar hamada ta toshe ragar bayanta ba, ko robar ƙofa ta bushe ta tsage, ko wutar lantarki ta ɗauke tsakar dare ta dawo da asuba.

Za a iya cewa binciken yana da tsada, kuma asibitin da ke fama da albashi ba zai sayi tarin ma'aunai ba. Wannan hujja tana da nauyi, amma ba ta kai yadda ake zato ba. Hanyar da masu awo suka saba bi ita ce auna wurare tara a cikin akwati, kusurwa takwas da tsakiya. Wanda ke da ma'auni ɗaya mai kyau zai iya zagayawa da shi wuri bayan wuri cikin 'yan kwanaki ya rubuta abin da ya gani. Gwada gaskiyar ma'aunin kansa kuwa kofi ɗaya na dakakkiyar ƙanƙara da ruwa mai tsabta yake bukata, domin wannan haɗi digiri sifiri yake bayarwa, a Legas ne ko a Assekrem. Da ruwan tafasa ne ba a gwadawa sai an san tsayin garin.

Za a iya cewa kwatanta mai tagella da masanin kimiyya yabon gargajiya ne kawai. A nan akwai gaskiyar da ya kamata a amsa. Hannu ba ya bambanta 118 da 121, kunne ba ya jin ko ƙwayar cuta ta mutu, kuma babu ƙwarewar gado da za ta maye gurbin ma'auni. Abin da ake son a ɗauko daga bakin murhu ɗabi'a ce, wato shakkar cewa zafi ya kai ko'ina har sai an duba abin da ake dafawa. Ma'aikacin da ya haɗa wannan ɗabi'a da ma'auni ya fi wanda ke da ma'aunin kaɗai.

Abin da Ya Kamata a Yi

Gyaran daga aji zai fara. A makarantun ƙasar Hausa akan koyar da hanyoyin tafiyar zafi a matsayin sunaye uku da za a haddace domin jarrabawa. Ya fi amfani malami ya sa ɗalibai su tafasa ruwa su auna da kansu. A Kano za su sami tsakanin 98 da 99, a Jos kusan 96. Ɗalibin da ya sami 98 ya goge ya rubuta 100 domin ya dace da littafi ya koyi mummunan darasi, wanda zai bi shi har ranar da aka damƙa masa tukunyar tururi. Malamin da ya tsaya ya tambayi dalilin 98 ɗin ya koyar da kimiyya. Haka nan ma'auni biyu a baho ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kafin a motsa ruwan da bayan an motsa, sun isa su bayyana jigila fiye da shafi guda na bayani.

A wuraren aiki kuwa, ya dace kowace na'ura mai riƙe zafi ko sanyi ta kasance da taswirarta a manne a jikinta, mai nuna wurin da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi, da ranar da aka auna. A sake aunawa bayan kowane gyara, da kuma idan yanayi ya juya daga hunturu zuwa bazara. A bar tazara tsakanin kaya. A fara ƙirga lokaci daga sa'ar da kayan suka kai matakin da ake so. Hukumomin da ke raba na'urori ga garuruwan tudu, daga Ahaggar zuwa Abzin zuwa Filato, su haɗa da umarnin da ya dace da tsayin wurin, cikin harshen da ma'aikacin ke karantawa.

Kammalawa

An ga cewa zafi ba ya game abu sai an sa masa abin da zai baza shi, an motsa, an kuma ba shi lokaci, kuma na'ura mai aiki kullum tana da wurin da ya fi wani zafi. An ga yadda tsayin Tamanrasset ke sauya lambar da ake ɗauka ba ta sauyawa, da yadda masu auna yanayi suka soke lambar da ta shekara casa'in a littattafai bayan sun binciki inda aka auno ta. Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma lissafin Fourier ya nuna cewa haƙurin da dutsen ke nema yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da kaurinsa ya ninka sau biyu. Ma'aikacin da ke rubuta 121 ko 5 a littafinsa kowace safiya yana da haƙƙin a koya masa wace kusurwa ce lambar ke magana a kanta. Majinyacin da za a yi wa aiki da almakashin, da jaririn da za a yi wa allurar, ba su da hanyar dubawa da kansu.